Jijiyoyin Tsohuwar Katafila

A ƙasar Arewa duk wata mota mai launin rawaya da ke haƙa ƙasa ko tura ta, katafila ake ce mata, ko da kuwa kamfanin Caterpillar na Amurka bai taɓa sanin da zamanta ba. Mai ture tudu katafila ce, mai baje tsakuwa bisa hanya katafila ce, haka ma wadda nake son in yi magana a kanta, wato mai faffaɗan cokali a gaba da dogon hannu a baya, wadda takardun Faransanci ke kira tractopelle. Asalinta tarakta ce aka ɗora wa kayan aiki biyu: na gaba yana kwasa yana lodi, na baya yana yaƙushin ƙasa har zurfin mita huɗu da wani abu. Direba na zaune tsakiya bisa kujera mai juyawa, in ya gama da gaba sai ya juya ya fuskanci baya, ya sauke ƙafafun ƙarfe biyu su tokare ƙasa, sannan ya kama haƙa. Wani Baturen Ingila mai suna Joseph Cyril Bamford, wanda harufan sunansa suka zama JCB, shi ya fito da irinta a 1953, kamfanin Case na Amurka ya fitar da tasa a 1957. Shi kuwa Caterpillar, wanda muka ara wa dukansu sunansa, sai a 1985 ya shiga wannan fage.

Tamu dai ba a iya karanta sunan maƙerinta a jikinta, rana da yashi sun cinye fentin tun kafin ta zo hannunmu. Tsohuwar Turai ce da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, ta yi wa wani ɗan kwangila aikin hanya na ƴan shekaru, sannan aka jingine ta bayan wata katanga a Dogon Dutsi har kaji suka soma ƙwai a ƙarƙashin kujerarta. Ƙanena shi ne direbanta a wancan lokaci, ya san ciwonta ya san lafiyarta, saboda haka da aka sa ta kasuwa a 2016 sai ya tara mu ƴan gida ya ce a taimaka masa. An sayar da shanu huɗu, an jinginar da wata gona ta gado, ni ma na zuba abin da na tara cikin shekarun da na yi ina koyarwa a lakwal. Tun daga ranar, cefanen gidaje uku da kuɗin makarantar yara goma sha ɗaya suka rataya ga wannan ƙarfe. Aikina a cikin sha'anin ɗaya ne: tare da motar an ba mu wani littafin gyara mai kauri, cikin Faransanci, shafukansa duk tabon baƙin mai, kuma ni ne mai karanta shi in mayar da Hausa.

Wanda bai san yanayin ƙasarmu ba zai yi mamakin abin da irin wannan mota ke nema a nan. Dallol Mawri tsohon kwarin kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da ba a tuna ba, ya ratso daga arewa ta Matankari da Dutsi, ya gangara ta Kore Mairuwa da Tibiri da Geceme ya nufi kogin Kwara. A cikin kwarin, musamman can kudu, ruwa na kusa, akwai wuraren da in ka haƙa ƴan mitoci za ka tarar da shi, shi ya sa ake lambuna, ana noma albasa da rogo da rake, a kewayen Dutsi kuma dankalin turawa. A gefe da gefe kuwa tuddai ne na marmara da fako, waɗanda ba su riƙe ruwan sama. In hadari ya sauka bisa kansu sai ruwan ya kwararo da gudu cikin ƙoramu, ya kwaso yashi ya cike tabkuna, ya yanke hanyar kasuwa, wani lokaci ya shiga gari ya kayar da gidajen laka. Yasar tabki, datse bakin ƙorama, haƙa magudana, lodin jan tsakuwa don cike hanya: ga aikin katafila ke nan, kuma kusan dukansa tilas a gama shi tsakanin girbi da faɗuwar damina.

Kakanninmu da kawunansu suka yi irin wannan aiki. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni, a zamanin Faransawa da aikin tilas aka share ta, ana kama ƙarti daga ƙauyuka suna ɗaukar tsakuwa cikin kwanduna, har zuwa 1946 da aka soke wannan doka. Wata mai bincike, Adeline Masquelier, wadda ta zauna a Dutsi, ta rubuta a 2002 yadda tsoron hanyar da labaran iskokin da ke tare matafiya a kanta suke da nasaba da waccan wahala. Ni dai na tarar da tsofaffin da in sun ga cokalin katafila ya kwashi abin da ƙato ashirin za su ɗauka a kai, sai su yi shiru su daɗe suna kallo.

Abin da mutane ke ji shi ne ƙugin injin, saboda haka suna zaton can ƙarfin yake. Injin gazuwal kuwa ba ya taɓa ƙasa. Aikinsa ya juya famfo, famfo ya zuƙo mai daga tanki ya tura shi cikin tiyo zuwa wani tubalin ƙarfe mai bawul-bawul a jere, wanda sandunan hannun direba ke sarrafawa. In direba ya ja sanda, bawul ya buɗe wa man hanya zuwa silinda, man ya tura fistin, fistin ya tura sandar ƙarfe mai ƙyalli, hannu ya miƙe ko ya naɗe. Man da ke ɗaya gefen fistin kuma ya koma tanki ta cikin matata. Kusan lita 100 ke cikin jikin tamu, famfon kuma yana tura kimanin haka a minti guda, wato kowane minti sai man ya zagaya jikin motar kaf.

Sirrin ƙarfin na cikin wata ƙa'ida da Blaise Pascal ya bayyana a Faransa wajejen 1653, wadda na sha rubuta wa ɗalibai a allo: ruwan da aka kulle ba ya matsuwa, in ka danna shi a wuri ɗaya, dannin zai isa ko'ina daidai wa daida. Irin waɗannan motoci suna aiki da matsi na wajen bar 200, kusan ninki ɗari na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Ma'anarsa, kowane murabba'in santimita na fuskar fistin yana samun turin kilo 200. Fistin mai faɗin santimita 10 yana da fuska ta murabba'in santimita 78 da rabi, mai karatu ya ninka ya gani: kusan tan 16 daga silinda guda wadda yaro zai iya rungumewa da hannu ɗaya. Shekaru talatin ina koyar da wannan lissafi, amma sai a gaban wannan mota na ga fuskarsa.

To amma fa duk wannan ƙarfi ya dogara ga ratar da ido ba ya gani. Tsakanin bawul da ramin da yake zamewa a ciki akwai tazarar ƴan mikron kaɗan, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Silin gashin mutum ya kai mikron 70, ido kuma ba ya ganin abin da ya gaza 40. Ke nan ƙurar da ke kashe famfo ita ce wadda ba ka gani, ka ɗaga man a kwalba ka ga garau, alhali cike yake da ita. Mu kuwa a cikin ƙura muke kwana muke tashi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu na sauka bisa komai, ya manne wa sandar silinda mai danshin mai, sandar ta koma ciki da shi in robar da ke share ta ta tsufa. Tankin ma numfashi yake yi, duk lokacin da silinda ta miƙe yana shaƙar iska ta wani ɗan murfi mai matata, wanda yawancin masu motoci ba su ma san da shi ba. Sauran ƙurar kuwa da hannunmu muke zuba ta: jarkar da aka sayo mai a cikinta jiya gazuwal ta ɗauko, mazurarin an yasar da shi a ƙasa, tsumman gogewa tsohuwar riga ce mai zubar da zare.

Na biyu zafi. A watan Afrilu da Mayu rana na wuce digiri 40 a inuwa, mota kuma tana aiki a fili. Mai in ya yi zafi tsinkewa yake, in ya tsinke sai ya riƙa sulalewa ta ratar da tsufa ya faɗaɗa, man da ya sulale da matsi kuma zafi yake haifarwa, zafin ya ƙara tsinka shi. In ya haura digiri 80 robobin da ke toshe silinda sukan bushe su tsage. Littafin da nake karantawa ya ce a canja matata bayan awa 500, mai bayan awa 1000, amma an rubuta shi ne don ƙasar da ke da ciyawa da sanyi, ga shi agogon ƙirga awa na motarmu ya tsaya tun tana hannun wani. Da littafin makaranta mai layi-layi muke ƙirga kwanakin aiki, kuma mun raba adadin littafin gida biyu.

Ciwon da ya fi tayar mana da hankali ya zo ne bayan ƙaramar sallar 2024. Wata ƙungiyar masu lambu a wani ƙauye na jihar Tibiri, tsakanin Kore Mairuwa da Geceme, ta yi karo-karo daga kuɗin albasa ta ɗauki ƙanena ya yashe musu tabki, ya kuma yi datsi da ƙasar da ya fitar a bakin wata ƙorama da ke cin lambunan shekara da shekaru. Sun biya rabin kuɗin, an sayi gazuwal da shi. Kwana huɗu da fara aiki motar ta soma wani hali: da safe lafiya lau, rana na ɗagawa sai ta kama kuka mai tsini kamar ana wasa wuƙa, hannunta ya riƙa karkarwa, cokali ya kasa fasa ƙasa mai tauri. In an bar hannun a sama aka tafi salla, kafin a dawo ya sauko da kansa ya kwanta. Yaran ƙauyen suka ce wani ne ke zama a kai. A ƙasar da Sarauniyar Lugu da Baura na Bagaji suke, ba a raina irin wannan magana, tun kafin a sa cokali a tabkin ma sai da aka tambayi dattawa inda ba a taɓawa. Amma ƙanena ya san robar fistin ce ko bawul, damuwarsa wanne ne a ciki, kuma nawa zai ci.

Shugaban ƙungiyar, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya zo ya tsaya bisa tulin yashi ya ce wa ƙanena: "Ɗana, mu dai kuɗɗinmu munka ba da, kuma ba mu da wasu. Ruwa ko ba su jiran kowa." Bai ƙara ba, bai kuma yi faɗa ba, wanda hakan ya fi faɗa ciwo.

Samarin makanikai biyu da aka fara kira bakinsu ɗaya: famfo ya mutu, a sayo sabo, kafin nan kuma a ɗaure bawul ɗin kariya don ƙarfi ya ƙaru. Wannan shawara ta biyu ta yi yawa a garejinmu, kuma ta kashe motoci da dama. Bawul ɗin kariya shi ne ke buɗewa ya mayar da mai tanki in matsi ya kai iyakar da maƙeri ya yanka. Famfo kwarara kawai yake bayarwa, nauyin kaya ne ke haifar da matsi. In man na gudu ta wata ɓaraka a ciki, ɗaure bawul ba zai toshe ta ba, illa dai ranar da cokali ya ci karo da dutse babu mai ceton tiyo da silinda. Batun sabon famfo kuwa, a waccan shekara magana ce babba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 ƙungiyar CEDEAO ta rufe mana iyakoki, kuma ko da iyakar Najeriya ta buɗe a Maris na 2024, ta Binin ta ci gaba da zama rufe, kayan da a da ke zuwa daga Kwatano sai sun zagayo ta Lome da Burkina. Kuɗin famfo ya zarce duk abin da za a samu a aikin tabkin.

Sai ƙanena ya ce mini: "Yaya, mu ɗauko Baba." Baba tsohon makanikin Tepe ne, wato ma'aikatar ayyukan gwamnati, a garejinta na Doso ya koyi aiki tun cikin shekarun 1970, yanzu idonsa ya yi rauni, yana zaune a Dutsi yana gyaran injin ban ruwa don kada hannu ya mutu. Muka ɗauko shi a bayan babur da jakarsa ta fata, wadda babu komai ciki sai ƴan sifanu da ma'aunin kauri da wani tsohon gejin matsi naɗe cikin tsumma kamar laya. Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malamin lakwal a nan, mun kuma daɗe da daina jin haushin ɗaya ma'anar kalmar.

Bai taɓa sifana ba a awa ta farko. Ya sa aka tayar da mota, ya buɗe murfin tanki ya leƙa, ya kira ni: "Mushe, zo ka gani, man nan kumfa shikai." Lalle saman man ya yi fari da ƙananan kumfa. Ya ce in da ruwa ne ya shiga, da man ya yi kamar nono, wannan iska ce, kuma iska ba ta shiga inda ake turawa, sai inda ake zuƙa. Ya kwanta ƙarƙashin motar ya bi babban tiyon da ke kai mai daga tanki zuwa famfo da tafin hannu, ya tarar da wata tsaga kusa da maɗauri. Wannan tsaga ba ta ɗigar da mai ko ɗigo ɗaya, shi ya sa babu wanda ya lura da ita, tana dai shan iska ne. Ya shafe wurin da giris mai kauri, kukan famfon ya lafa nan take na ɗan lokaci, hujja ta tabbata. Kumfan nan in sun isa gefen matsi fashewa suke da ƙarfi, suna ƙwaƙule ƙarfen famfo kaɗan-kaɗan, kuma mai mai iska matsuwa yake kamar soso, abin da ya sa hannun ke karkarwa ke nan. Da aka zubar da man aka ciro rariyar da ke gindin tanki, sai ga ta toshe da wani baƙin kunu na ƙura da zaren tsumma. Lagireton sanyaya mai kuma ƙura da danshin mai sun yi masa yaɓe, iska ba ta ratsa shi.

Saukowar hannu ciwo ne dabam, kuma yadda ya rarrabe shi ya burge ni. Ya ce in dukan gaɓoɓin mota sun yi rauni tare, a tuhumi famfo ko bawul ɗin kariya, in gaɓa ɗaya ce, a tuhumi silindarta ko bawul ɗinta. Aka tokare hannun yadda ba zai faɗo ba, aka tura silindar har ƙarshen tafiyarta, aka kashe injin, aka kaɗa sandunan don matsi ya fita, sannan ya kwance tiyon gefen da babu matsi ya toshe shi, ya bar bakin silindar a buɗe da bokiti a ƙasa. Aka sake tayarwa aka ci gaba da turawa. In robar fistin lafiya take, ba abin da zai fito sai ɗigo. Man ya zubo kamar an buɗe buta. Daga nan ya ɗaura gejinsa, allura ta tsaya ɗan ƙasa da adadin da na karanto masa a littafi, ya ce a bar bawul ɗin kariya inda yake, kada wanda ya taɓa.

A wurin ne ɗaya daga cikin yaran ya kai hannu zai lalubi wani tiyo da ake zaton yana tsiyaya, Baba ya doke hannun da sifana. Na ga mutane sun ji abin ya yi tsanani, ni kuwa na san abin da littafin ya ce a shafin da aka zagaye da jan layi. Mai da ke fita ta hujin allura da matsin bar 200 yana huda fata ya shige cikin nama, wurin ya yi kamar cizon sauro, mutum ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, bayan kwana ɗaya ko biyu yatsa ya ruɓe. Maganinsa tiyata cikin ƴan awoyi, daga wannan ƙauye kuwa asibitin da zai iya ta tafiya ce mai nisa. Da guntun kwali ake neman tsiyaya. Haka kuma ba a shiga ƙarƙashin cokalin da aka ɗaga sai an tokare shi da ƙarfe, domin abin da ke riƙe da shi mai ne kawai da roba.

Neman robobin ya ci kwana shida. Lambar da ke cikin littafi ba ta da amfani a kasuwa, ba wanda ke sayarwa da lamba, saboda haka Baba ya auna ramin silinda da kaurin sanda da zurfin kwarmin fistin, na rubuta, aka haɗa da tsofaffin robobin cikin leda. Ƙanena ya duba Birnin Ƙonni bai samu ba, ya ƙetara Sakkwato, daga can aka yi waya kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano aka aiko da su a mota. Faɗuwar naira a waccan shekara ta taimaki mai riƙe da sefa, ba don haka ba da kuɗin ba su kai ba. Kashi biyu ya zo da su, Baba ya lanƙwasa kowace ya danna da farce ya shinshina, ya ture kashi ɗaya gefe ya ce sun kwana a rana, ba za su yi wata ba.

Haɗawar ita ce wurin da na ga bambancin tsohon hannu. Ya ƙi a buɗe silinda a fili. Aka roƙi aron wani ɗakin ajiyar albasa da babu kowa, aka yayyafa ruwa a ƙasa, aka shimfiɗa sabuwar leda. Kowane bakin tiyo da aka kwance sai an rufe shi da leda an ɗaure. Sandar silindar na da wani ƙarce inda dutse ya taɓa bugunta, ya zauna da lallausar takardar goge ƙarfe da ɗan mai yana lallaɓa bakin ƙarcen har farce ya daina kamawa, domin in an bar shi zai yanke sabuwar roba cikin mako. Robobin ya jiƙa su cikin mai mai ɗumi don su yi laushi, ya naɗe zaren kan sanda da leda kafin ya zura su. Tanki an wanke shi, an canja matata da murfin numfashi da tiyon zuƙa, an wanke lagireto. Sabon man, mai lamba 68 wanda ya fi jure zafinmu bisa mai lamba 46, daga rufaffen duro aka zuba shi. Tsohon man kuwa Baba ya hana a zubar a wurin, ya ce rijiyar lambun nan mita nawa ce, masu shan ruwanta su wa ne. Masu shafa wa azara don gara suka zo suka raba.

Cikin waɗannan kwanaki na lura cewa fassarar da nake yi rabinta ba a bukatarta. In na karanto jimla mai tsawo game da iskar da ke shiga gefen zuƙa, sai Baba ya ce, ai shaƙewa ce. Tiyo jijiya yake ce masa, famfo zuciya, robar da ta soma jiƙa sanda ya ce tana zufa, wadda ta fashe ya ce ta yi gudawa. Sauran kalmomin Faransanci ne da bakin gareji ya tauna har suka zama namu. Bai taɓa jin sunan Pascal ba, amma ya san dalilin da ya sa silinda ta fi ƙarfi wajen turawa bisa wajen ja, ya ce sanda ta cinye wa mai wurin zama, wanda shi ne ainihin bayanin da ke cikin littafi. Tun Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, an yi ta muhawara a kan haka a rediyo. Ni abin da ke raina ƙarami ne: a zauna da irin su Baba tun suna da rai, a rubuta littafin gyara da kalmominsu, da zane, yadda yaron da ya bar lakwal a aji huɗu zai karanta ya tsira da yatsunsa. Na soma da shafi goma sha biyu a littafin da muke ƙirga kwanaki.

An koma aiki cikin makon farko na Mayu, daga asuba zuwa ƙarfe sha ɗaya, sannan daga la'asar zuwa magariba, don a kauce wa tsakar rana. An gama yasar tabkin da datsin kafin ruwan shuka. Daminar 2024 ta zo da ambaliyar da ta yi ɓarna a faɗin Nijar, datsin ya tsaya, amma ƙoramar ta fasa wani wuri can sama ta cinye lambuna uku na gefen gabas, aikin da aka sake kiran ƙanena ya yi da rani.

Famfon dai ba a canja shi ba, kuma Baba bai ce lafiyarsa lau ba, iskar da ya sha ta riga ta ci rabonta. Ba mu da na'urar auna kwarara, sai ya koya mana awo da agogon waya: a ɗaga cokalin gaba babu kaya daga ƙasa har ƙarshe, injin na gudu iri ɗaya, a ƙirga daƙiƙoƙi, sau ɗaya da safe mai na sanyi, sau ɗaya da hantsi ya yi zafi. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce tsufan famfo. A ranar da aka gama gyara, daƙiƙa 5 ne da safe, 7 da hantsi. Ya ce ranar da na hantsi ya kai 10, a ajiye ta a nemo famfo, kada a jira ya farfashe ya watsa garin ƙarfe cikin jijiyoyi, domin a lokacin bawul da silinda duka za su bi shi. Daga kowane aiki ƙanena na cire wani abu yana ba ni in ajiye, kuɗin sun kai wajen kashi biyu cikin uku na abin da aka gaya mana a Kano. Ranar Jumma'ar farko ta kowane wata nake yin awon, na ƙarshe ya ba da 5 da safe, 9 da hantsi.